Wanda Ya Je Ya Dawo

Rigar nutson ce ta tona masa asiri. Ya tura tukunyar iskar numfashi ƙarƙashin gado, amma ya mance da rigar a bayan ƙofa, tana ɗigar ruwa.

Tun ranar da kogin Kwara ya ci abokin tagwaicinsa a Yawuri, mahaifiyarsu ta ce ba ta yafe ba in ya sake shiga ruwa. Yau shekara ashirin ke nan. Ga shi ta zo Landan ganin likita, ta tarar gidan da yake yaba mata a waya ashe jirgin ruwa ne mai filafilai, ɗaure a unguwar Limehouse. A ciki yake kwana, nutso kuma shi ne sana'arsa.

Ta daɗe tana kallon rigar, jirgin yana lilo da su. Ya durƙusa yana jiran ta tsine masa.

"Har ƙasa kake zuwa?" ta tambaye shi.

"Har ƙasa, Inna."

Ta matse hannun rigar, ruwan ya bi yatsunta. "Akwai duhu a can? Da sanyi?"

"Da farko akwai. Daga baya shiru ne kawai, kamar an rufa wa mutum bargo."

Ta zauna a bakin gadon.

"Tashi ka faɗa mini duka, kada ka rage kome. Shekara ashirin ban sami wanda ya je inda ɗan'uwanka yake ya dawo ba."