Sunan da Dutse Ya Maido

"Nan ne dutsen ke maido da magana?" wata tsohuwa cikin baƙin da nake wa jagora ta katse ni, tana haki.

Ko rabin tarihin wurin ban kai ba. Na dai nuna wa baƙi kogon da bayin Allah suka yi halwa tun zamanin kakanni, da gurbin da goshinsu ya bari a jikin dutse. Na tsani a katse ni, amma da na ga takalmanta a hannu, ƙafafunta sun kumbura, sai na haɗiye.

"Nan ne, Iya. Amma amsa-kuwwa ce kawai. Addu'a masu ziyara ke yi a nan, ba ihu ba."

Jikarta ta matso ta yi mini raɗa. Babanta ne ya rasu bara, ɗan farin tsohuwar. Tun da ta haife shi, kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, har ya yi furfura, har aka fita da shi.

Tsohuwar ta ajiye sandarta, ta fuskanci kwarin da ke gaban dutsen. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Can sai ta ƙwala masa kira, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

Dutsen ya maido mata sunan, ya sake maidowa a hankali. Ta kasa kunne har muryar ta ɓace, ba ta motsa ba.

"Iya, ai ya maido," na ce.

"Na ji, ɗan nan. Ni 'Na'am' nake jira."