Kyaftin Ɗin Baba Arabi

Kwandon ya shekara bai hau igiya ba, amma ranar Baba Arabi ya wanke shi har da sabulu.

Dalili kuwa, hukumar tashar jiragen ruwa ta Bur Sa'id ta turo mutum. Tana son gaɓar da 'yan tallan kwale-kwale ke ɗaure jiragensu don ta jibge kwantenoni, ta kuma ce duk wanda ba a ga cinikinsa da ido ba a karɓe lasisinsa. Na Baba Arabi kaɗai ya rage a layin. Da shi kakansa ya ci abinci, da shi ubansa ya yi aure. In ya tafi, sai zaman teburin mai shayi har mai rabawa ta raba.

Sana'ar ba ta da wani sirri. Ka manne wa cikin jirgi, ka wurga igiya sama, kwando ya hau da kaya ya sauko da dala. Jiragen yanzu ne 'yan banza. Kowanne ya kai unguwa guda, amma mutanen cikinsa ba su cika sahu ɗaya a masallaci ba, su ma duk sun kifa kai a waya. Ba sa tsayawa. Da yawa ma sun daina biyowa ta mashigin ruwanmu, sun gwammace su zagaye Afirka kaf da su biya inshorar Bahar Maliya. To wa zai sayi ɗan raƙumin fata na tsaraba?

"Yau ba rakiya?" in ji mai shayin bakin gaɓa.

"Ta tafi Dumyat wajen ƙanwarta," in ji Baba Arabi. Matarsa yake nufi, Ni'imat, wadda tun da ta yi ritaya daga koyarwa a firamare ba ta da sauran ɗalibi sai shi.

Mutumin hukuma shi ne Injiniya Midhat, ɗan unguwarmu da ya tafi Turai ya karanto harkar tashoshin ruwa, ya dawo da tabarau da ƙyamar ƙarnin kifi. Sai da ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna a kwale-kwalen.

Suka fita. Wani ƙaton jirgin kwantena ya wuce su ko ƙaho bai busa ba, igiyar ruwansa ta jiƙe wa injiniya wando.

"Baba, duniya ta wuce ku," in ji shi, yana matse ƙafar wandon. "Yanzu lissafin tan ake yi. Minti ɗaya jirgin can ya tsaya dominka, ya yi asarar abin da ya fi gidanka."

"Haƙuri, Basha, ranka ya daɗe. Ina da mutumina. Bagirke ne, tsohon hannu. Sai dai ko alif bai sani ba a Larabci, ga zuciya a kusa."

Jirgin Bagirken na can nesa da hanya, ya jefa anga. Tsatsa ta ci shi har wuya, ba hayaƙi a bututunsa, tantabaru sun jeru a kan igiyoyi. Baba Arabi ya yi fito. Can sama wata hular kyaftin ta leƙo, ƙarƙashinta ƙatuwar kwat da mayafin wuya har hanci.

"Mura," in ji Baba Arabi. "Ba ta sakinsa."

Kwando ya hau da raƙumi, jar dara da farantin tagulla. Kyaftin ya juya su, ya ɗauki lasifika ya zazzago wani gurnani da ba a tantance farkonsa da ƙarshensa. Baba Arabi ya rantse da kabarin uwarsa. Kwando ya sauko, ya koma, ya sake saukowa. Wallahi ko a zamanin da ake cinikin gaske ban taɓa jin an sha wuya haka a kan raƙumi ɗaya ba.

Injiniya ya fara dariya, ya zaro waya zai kira wani. Sai kyaftin ya ƙwanƙwasa ƙarfen jirgi da wata siririyar sanda, ƙwas, ƙwas. Dariyar ta tsaya cak. Injiniya ya tsinci kansa zaune a miƙe, hannuwa bisa gwiwa.

Kunya ta kama shi, ita ta sa ya yi ɓaranɓarama. "Wannan tsohon da jirginsa," in ji shi da Larabci, "gara a haɗa su a sayar wa 'yan gwangwan."

Silifa ta taso daga tsayin bene huɗu, ta keta iska, ta sauka daidai bayan kunnensa na hagu. Tabarau ya faɗa cikin ruwa.

Shi ke nan, Baba Arabi ya ce a ransa, an yi ba a yi ba. Kaka da uba duk sun tafi a silifa ɗaya.

Injiniya ya ɗauki silifar. 'Yar ƙarama ce, dunduniyar ta cinye ta gefe guda. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa ta cikin kwando da hannu biyu, aka ja ta sama.

Suka iso gaɓa. Baba Arabi ya miƙa lasisin kamar mai miƙa wuya ga mahauci.

"Jirgin can," in ji injiniya, "masu shi sun tsere sun bar shi tun bara. Ni aka tura na rufe shi."

Baba Arabi ya gane asiri ya tonu. Ya buɗe baki zai fara rantsuwa, sai ya ji ƙarar hatimi a kan takardar. Injiniya ya miƙo masa ita, yana shafa bayan kunne.

"Koma ka sauko da kyaftin kafin rana ta yi mata yawa cikin kwat ɗin nan. Ka ce wa Malama Ni'imat, Midhat na aji uku har yau bai koyi kaucewa ba."