Sunan Ɗan Fari

"Likita ya ce ki faɗi sunan ɗanki na fari," in ji tafinta.

Tsohuwar ta kafa idonta a kan tabarma. Tun hantsi aka tara tsofaffin Bebeji a ƙofar gidan hakimi, wai masu bincike sun zo daga wata jami'a ta kudu don su ji abin da tsofaffi suke buƙata. An auna ta, an leƙa bakinta, ba ta ji komai a ranta ba. Ta faɗi shekarar farin dango, ta faɗi shekarar babbar yunwa. Amma wace uwa ce za ta kama sunan ɗan fari, a bainar jama'a kuma? Ko a ɗaki ba ta taɓa yi ba.

Baturen likitan ya duba agogo, ya yi magana. Tafintan ya ɗan jinkirta.

"Ya ce a rubuta mantuwar tsufa ta kama ki, Iya."

"To, a rubuta."

"Saura tambaya ɗaya. Me kika fi buƙata?"

"Babu komai. Alhamdu lillahi."

Tafintan ya rubuta. Ta bi hannunsa da kallo har kan tabon ƙunar nan, na kunun da ya zubo masa yana rarrafe a gindin murhunta. Shekara goma sha ɗaya rabonta da ganin tabon, tun da boko ya tafi da shi.

"Na gaba!" ya kira.

Ta miƙe da sunansa a bakinta, inda yake tun ranar da aka raɗa shi.