Ƙyaure Ɗaya

Bugun farko a ƙeya ya same shi. Mutumin ya kife, ƙyauren da ya ɓalle ya faɗo masa a ƙafa.

"Harami! Ɓarawo!" Zailani ya daka tsawa. "Da rana tsaka? Ƙyauren gidana?"

Fitowarsa ke nan daga taron ƙaramar hukuma a birnin Umdurman, inda ya yi ta dukan tebur har aka bi ra'ayinsa: tsaro tukuna. Batun sayen motar asibiti da bas ya jira, a fara raba wa 'yan sintiri kulake. Ga sabon kulki a hannu, ga ɓarawo a ƙasa.

Maƙwabta suka fito da duwatsu. Yaƙi ya kwashe musu komai, har gadajen kwana, kowa da haushinsa a ciki.

"Ya zol, ɗan'uwa, saurare ni..." Mutumin ya ɗaga hannu. Zailani ya karya hannun. Bai dakata ba sai da bakin ya daina motsi.

Sai ga Kubra, ƙanwarsa, ta fito a guje, ko mayafi babu.

"Yaya, me ka yi? Inna ce ta yanke jiki ta faɗi! Awa guda ina bakin titi, ba raksha mai ƙafa uku, ba mota. Wannan bawan Allah kaɗai ya tsaya. Shi ya ce a cire ƙyauren mu ɗauke ta a kai zuwa asibiti!"

Zailani ya dubi jinin da ke kulkinsa.

Mutum biyu ne a kwance. Ƙyaure ɗaya ne.