Gurbin Tasalla da Sabon Faifai

Ga misali ga mai ɗokin sabon abu, ya ji ya ajiye.

A zamanin da intanet ke bi ta wayar tarho ta kan tebur, an yi wani mutum, Ɗanlami, mai shagon buga takardu a wani ƙaramin gari. Kwamfutarsa ɗaya, layinsa ɗaya, sai wata 'yar na'ura a cikin kwamfutar da ake kira modem, ita ce ke buga lamba ta sada shi da duniya. In ta tashi aiki sai ta yi ta tsuwwa kamar gyare ya faɗa cikin kwano, can ta yi tsit, to an shiga ke nan. Matarsa Tasalla ba ta san komai game da kwamfuta ba sai wannan tsuwwar, amma ta san ta sarai, don ta nan labari ya iso cewa makarantar koyon ungozoma ta ɗauke ta, bayan shekara biyu tana nema. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: ta aika amsa ta imel da lambar jarrabawarta kafin sha biyun ranar Alhamis, in ba haka ba a ba na bayanta gurbin.

Ran Talata da hantsi ta kawo takardar lambar, a ƙulle a bakin mayafi. Ta tarar da Ɗanlami yana juya wani faifai da abokinsa ya aiko masa daga birni. Linuks ne, in ji shi, tsarin kwamfuta na kyauta, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara.

"Maigida, da ka fara aika tawa," ta ce, murya can ƙasa.

"Haba, Tasalla, Alhamis fa aka ce! Bari in ɗora wannan, da shi za a aika taki, ki shiga makaranta da ƙafar dama."

Ta so ta ƙara magana, kunya ta riƙe ta. Tana tsaye ya goge tsohon tsarin kaf, ya ɗora sabo. Allo ya kawo fes, ya yi kyau kam, ba ƙarya. Ya danna wurin kira. Shiru. Ya sake dannawa, ya cire waya ya hura ya mayar. Shiru. Ashe irin wannan modem ɗin ba ya motsi sai da wata 'yar manhaja da ake ce wa direba, wadda ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da shi. Ta tsohon tsarin ta tafi da shi, ta sabon kuwa tana can intanet, intanet ɗin da ba a shiga sai da modem. Tasalla ba ta gane dukan bayanin ba, amma ta tuna kakarta ba ta taɓa kashe murhu ƙurmus ba, sai ta binne garwashi ɗaya a toka saboda safiya.

Ran Laraba ya hau mota, tafiyar awa biyu, ya je kafe a birni, shagon da ake biya a shiga intanet, ya sauke direban a faifai. Ita kuwa wunin nan tuwo ya yi mata gudaji, miya ta ƙone, ko motsin babur ta ji sai ta leƙa zaure. Da la'asar sakaliya ya dawo yana fara'a.

"Ka aika tawa daga can ko?"

"Ina da layi a shagona, in je in aika a na wani? Zo ki ga aiki."

Ta je ta gani. Kwamfuta ta karɓi faifan, ta zubo rubutu fari a kan baƙi, layi bisa layi, ta tsaya. Direban na wani zubin Linuks ne, ba irin wanda ya ɗora ba. Lamba ɗaya ce ta bambanta su, shi kuwa bai duba lambar nasa ba kafin ya tafi. Ya cire faifan ya kashe kwamfutar.

Ran Alhamis tun asuba suna tasha su biyu. Motar farko ta riga ta tashi, ta biyu kuwa ba ta tashi sai ta cika. Tasalla na zaune a tsakiya, takarda a damƙe a hannu har ta jiƙe, tana kallon rana na hawa bisa rumfar mai shayi. Saura mutum uku. Saura biyu. Wata tsohuwa ta leƙo, ta ce ba za ta zauna kusa da buhun albasa ba, ta koma. Da ƙyar aka tashi wajen tara da rabi. A birni suka iske kafen maƙil da 'yan cike fom, kowa da tasa Alhamis ɗin. Ɗanlami, da bai saba roƙo ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Don girman Allah, minti biyu, na iyalina ne." Wani ya tausaya ya tashi. Saƙon ya tafi sha biyu da kwata. Ba a jima ba amsa ta dawo, layi biyu: an rufe, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Tasalla ta ninke takardarta ta gyara mayafi. A mota ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba. Bayan mako guda direban da ya dace ya samu, sabon tsarin ya yi ta aiki lafiya lau, ba wanda ya ga aibinsa. Laifin ba na sabon ba ne, na hannun da ya yar da tsoho ne kafin ya tabbatar sabon zai ɗauke shi. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a sakin reshe a kama ganye.