Farin garin da na tsinta a bakin rijiya

Ni na tsinci ƙullin, ni kuma na fara cewa guba ce. Shekarata tara lokacin, a ƙauyenmu kusa da Kanambakashe. Wani makiyayi ya shayar da shanunsa a rijiyarmu, ya manta da tsumma ɗaure da farin gari a bakinta. Kafin la'asar maza sun kamo shi, sun zaunar da shi a ƙasa, wasu riƙe da sanduna.

Sai ga Gwaggona, mai sayar da zoɓorodo ranar kasuwa, ta ratsa cikinsu da ƙoƙo a hannu.

Ta ce, "Kun tambayi mutumin, kun ƙi yarda da shi. To ku bari in tambayi garin, shi ba shi da dangi a nan."

Ta matsa lemun tsami a kan kaɗan, ya taso da kumfa. Ta barbaɗa wani a jan zoɓorodon, nan take ya rikiɗe ya yi baƙi. "Kanwa ce ta shanu," in ji ta. Ta dangwala ta lasa a gabansu. Sandunan suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta miƙo mini ƙullin, ta ce in durƙusa in mayar masa da hannu biyu.

Yau a labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, nake aiki. Ana kawo mini gari in gwada, masu kawowar tuni da sunan mai laifi a bakinsu. Gwaggo ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma har yanzu garin nake fara tambaya, kamar yadda ta yi.