Gwanin Turai

Wa'adin da Malam Isma'ila ya ba ɗansa Sharhabil ƙarshen wata ne. Ko dai ya nuna aikin da yake yi a kwamfutar nan, ko ya tafi shagon tayil na kawunsa a Kawo ya fara sauke kwalaye. Shekara talatin tsohon ya yi a ma'aikatar gwamnati, bai taɓa ganin aikin da ake yi kwance a kan katifa da gajeren wando ba.

Wata huɗu Sharhabil ya yi yana koyon rubuta manhaja a wani aji a Kurmin Mashi. A shafin intanet na neman aiki daga nesa kuwa, shekara bakwai ya rubuta ya yi a sana'ar. Aka yi dace ƙaryar ta shiga. Wata mata mai asibitin karnuka a Kanada ta ba shi aikin haɗa manhajar da masu karnuka za su riƙa kama layin ganin likita da ita.

Mahaifiyarsa, Hajiya Hansai, ta tambaya ko sai ya taɓa karnukan. Da ya ce a'a, ta sa masa albarka.

Sharhabil bai wahalar da kansa ba. Ya buɗe wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya, ya ce ta rubuta masa komai, ya kwafe ba tare da ya karanta layi ko ɗaya ba. Da ya kunna, farin allo kawai ya gani. Ya sake kunnawa da bisimilla. Farin allon dai.

Sai dabara ta zo masa. A wani shafin ya samo gwani mai suna Marek, wanda ya ce yana Turai da injiniyoyi goma a ƙarƙashinsa. Sharhabil ya sallama masa mafi yawan ladan aikin, ya tura masa tarkacen, ya miƙe ƙafa.

Miƙe ƙafar ce ta zama matsala, don Malam Isma'ila ya koma leƙo ɗakin bayan kowace salla. Saboda haka da Habibu, abokinsa na aji, ya kira ya ce wani mutum a Legas ya ba shi ƙaramin gyara amma ya fi ƙarfinsa, Sharhabil ya karɓa. Ladan bai taka kara ya karya ba. Shi dai yana son a same shi yana danne-danne.

Aikin Habibu injin wata manhaja ne tsirara, babu fuska, an goge duk sunayen da ke ciki. Sharhabil ya fara karantawa don kashe lokaci, ya ga ɓarnar da ko a aji ba a yi. Abu ɗaya an rubuta shi sau shida. Watan Fabrairu yana da kwana talatin da ɗaya. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ɗauko littafinsa na aji da ya daɗe bai buɗe ba.

Matar Kanada ta fara tambaya. Sharhabil ya rubuta wa Marek saƙo mai zafi cewa shi ba ya son wasa da aiki. Bai gama huce haushi ba Habibu ya kira, ya ce mutumin Legas yana ta masifa. Sharhabil ya ce a gaya masa aikin ƙwarai ba ya son gaggawa, kwana uku yake buƙata. Da yamma Marek ya roƙi ƙarin kwana uku, wai injiniyansa na musamman ne a kan aikin. Sharhabil ya yi tsaki ya amince. Turawa ma ashe haka suke.

Kwana ukun nan ya yi su kamar mai jarrabawa. In an ɗauke wuta ya ɗauki kwamfutar ya tafi shagon mai caji a bakin titin Unguwar Kanawa. Abin da malamin aji ya yi wata huɗu yana faɗa, sai yanzu ya zauna masa a kai. Rana ta uku da hantsi injin ya tashi, komai ya hau daidai. Malam Isma'ila ya leƙo, ya ga idanun ɗansa sun yi ja, ya ja ƙofar a hankali.

Kafin ya tura wa Habibu, Sharhabil ya kasa haƙuri. Ya ƙara layi ɗaya da Hausa a can saman aikin, ya tura, ya tafi masallaci.

Bayan la'asar saƙon Marek ya shigo. Ya ce injiniyoyinsa sun sha wuya, amma aikin Turai daban ne, zai gani da idonsa. Sharhabil ya kira iyayensa su zo su shaida. Ya kunna, manhajar ta buɗe tsaf, har da hoton kare. Malam Isma'ila ya gyara tabarau, ya ce a nuna masa ainihin rubutun da ake biyan mutum saboda shi.

Sharhabil ya buɗe, tsohon ya sunkuya ya karanta layin farko a bayyane:

"Habibu, don Allah ka gaya wa wanda ya fara rubuta wannan abin ya nemi wata sana'ar."